Nasiha Ga Malamai Bisa Awon Karatun Yara

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu. Bayan haka:

Ya ku malaman Birnin Kabi da Argungu, ku sani amshin aji ba shi zama shaida ga karatu. Malami shi rubuta baƙi ga allon bango, shi faɗa, yara su amsa da murya guda har a ji bakin hanya, shi koma gida shina murna. To, cikinsu wa yak karanta, wa yab bi baki?

An auna wanga al'amari. Cikin shekarar 2011 anka zauna da yaran aji 3 na firamare a jihohin Sakkwato da Bauci, ɗaya bayan ɗaya, anka ba kowa takardar Hausa, ana ƙidayar kalmomin da yak karanta daidai cikin minti guda. Mafi yawansu ba su fid da ko kalma guda ba. Mu da Sakkwato jiha guda muke har 1991, kada wani shi ce abin bai shafe mu ba.

Gwamnati ta sanya awon yau da kullum cikin manufar ilimi ta 1977, amma ga makarantu da yawa ya koma cika takarda da lambobi daren rufe zango. Wanga shaidar zur ce da alƙalami. Ko kifin Matan Fada ba a ba da kyautarsa da ido, sai an aza shi bisa ma'auni.

Alhali hanyar tana nan ga makarantar allo: yaro ba shi wanke allonai sai ya biya gaban malam shi kaɗai, ba shi shiga farfaru sai babbaƙu sun zauna. Ku ɗauki wannan, ku ƙara da abu guda: ku ba yaro rubutun da bai taɓa gani ba, don hadda takan ɓoye rashin sanin baƙi.

Kuma ku duba shekaru. Piyaje, masanin ƙasar Suwizalan, ya nuna ɗan shekara 5, in an juye ruwan kwano cikin doguwar kwalba, yakan ce ruwa ya ƙaru. Hankalinai bai kai ba tukuna, bulala ba ta kai shi. Ibn Khaldun ma ya faɗa cikin Muƙaddima cewa tsanani na koya wa yaro ƙarya da yaudara.

Saboda haka kowace rana ku kira yara biyar daban, ku saurare su, ku rubuta suna da rana da harafin da yaf fi ƙarfin kowa. Bayan wata guda ku sake kiransu, ku gwama da na farko.

Haza wassalam.