Kashe Kwamfuta Da Sake Tada Ita Ba Ɗaya Ba Ne

Masu shagunan buga takardu a Panda sukan kashe kwamfuta idan ta rikice, su kunna, su tarar matsalar tana nan daram. Dalili kuwa, tun daga Windows 8 na shekarar 2012, Shut down ba ya kashe ta ɗungurungum. Adana zuciyar manhajar yake yi a faifai don ta tashi da sauri, har da cutar da ke jikinta. Restart ne ke watsar da wannan duka, ya mayar da ragama hannun BIOS, wato manhajar da ke cikin allon injin, a faro daga tushe. Lalle shi ya kamata a fara dannawa kafin a biya kuɗin mota zuwa wurin mai gyara a Keffi.