Da Ruwan Ciki A Kan Ja Na Rijiya

Ya 'yan'uwana ɗalibai, tun ran 29 ga Mayu, 1999 ba a yi wata ranar 29 ga Mayu da ta taɓa tukunyar talaka kamar ta 2023 ba. A ranar aka janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Mu a Suleja abin ya fi mana ciwo, gama dubban mutanenmu a nan suke kwana, amma a Abuja suke neman abinci, kuɗin mota kuwa ya cinye musu albashi.

Na sha jin waɗansunmu suna cewa, wanda bai ƙoshi ba me zai ba wani? Ni ban yarda da wannan magana ba. Ku dubi asalin garin nan. Sa'ad da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya lokacin jihadi, ɗan gudun hijira ne, Koro na Zuba suka karɓe shi. Ƙanensa Abu Ja ya kafa garin a 1828. Da aka zaɓi wurin sabon babban birnin tarayya a 1976, garin ya ba da har sunansa na Abuja, ya ɗauki Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, wanda shi ma malamin makaranta ne, ɗan Kwalejin Katsina. Garin da aka kafa bisa karɓar baƙo bai kamata 'ya'yansa su koyi rowa ba.

Alherin da nike nufi ba ya bukatar dukiya. Ka ara wa ɗan ajinku littafinka. In ka ga wani kwana biyu bai ɗora tukunya ba, kira shi ku ci tare, kada ka tambaye shi dalili a gaban mutane. In kana aikin koyarwa na gwaji, yaro ya zo ba fensir, bincika halin gidansu kafin ka ɗauki bulala. Ka gai da maƙwabcinka, Bagwari ne ko Banufe ko Ibo, mai zuwa masallaci ko coci. Waɗanda suka sa bam a cocin Madalla ranar Kirsimeti ta 2011 so suka yi maƙwabci ya ji tsoron maƙwabci. Gaisuwar kowace safiya ita ce ke hana su cin nasara.

Sa'an nan akwai alherin da mutum zai yi wa kansa, wanda mu ɗalibai muka fi sakaci da shi. Wani ya kwana yana karatu da yunwa, zazzaɓi ya kama shi ya ƙi zuwa asibiti, ya faɗi jarrabawa ɗaya ya ce shi ba shi da amfani. Wannan zalunci ne. Ka ci abin da ya samu, ka yi barci, in damuwa ta yi maka yawa ka gaya wa aminin da ka yarda da shi. Neman taimako ba abin kunya ba ne. Malamin da ya gaji, ransa a ɓace, kan yara arba'in zai huce, su kuwa ba su yi masa laifi ba.

To, jama'a, farashin mai ba a hannunmu yake ba. Amma halin da za mu shiga aji da shi gobe, yara su kwaikwaya, wannan a hannunmu yake. Allah shi ba mu ikon yi.