An sake kati, ɓarawo bai daina ba

Duk wanda aka cire ma kuɗi daga katin bashi ba da saninsa ba, banki kan toshe katin ya ba shi sabo. Amma sau da yawa, kafin wata ya ƙare, sai ga wata satar ta ɓullo a kan sabon.

Dalilin sananne ne ga ma'aikatan banki. Kamfanonin Visa da Mastercard suna da tsarin da ke miƙa sabuwar lamba kai tsaye ga ƴan kasuwar da aka ajiye tsohuwar a wurinsu, don kada biyan wata-wata ya yanke. Niyyar mai kyau ce. Sai dai idan ɓarawo ya riga ya yi rajistar tsohon katin a wani kanti na intanet, ko ya sa shi cikin salularsa ta hanyar Apple Pay, to sabuwar lamba tana iya iske shi har gida. Wani lokacin kuma wayar mai katin ce ke ɗauke da manhajar sata.

A Amurka, doka ta tsaida hasarar mai katin bashi ga dalar Amurka 50, kuma dokar 1974 ta ba shi kwana 60 ya kai kuka. Ƴan kasuwarmu da ɗalibai masu biya da Visa kada su dogara da ita, ba tamu ba ce.

Saboda haka wajibi ne bankuna su bayyana ma jama'a wannan tsari a lokacin da suke miƙa sabon kati. Shi kuwa mai kati, ya nemi a fidda shi daga tsarin, a soke katin daga duk wayar da ba tasa ba, sa'annan ya karɓi takardar shaida kafin ya bar gishe.