Kafin a biya kuɗin haya, a tambayi hanyar ruwa

Da zarar damina ta ɗauke aka fara shirin komawa makaranta, kasuwar dillalan gidaje takan buɗe a manyan biranen Nijar. Ɗalibai na neman ɗaki kusa da jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ko Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ko André Salifou a Damagaram, ko Djibo Hamani a Tawa. Sababbin ma'aikata da angwaye na neman ciki da falo. Ƴan ci-rani da ke Legas, Abijan ko Aljeriya na aiko kuɗi domin a kama wa iyalinsu gida a birni. Kusan dukansu tambaya biyu suke yi wa dillali: nawa ne a wata, kuma akwai ɓarayi a unguwar? Tambayoyin sun dace, sai dai akwai ta uku da ta fi su nauyi kuma ba a cika yin ta ba: idan aka yi ruwan sama mai ƙarfi, ina ruwan unguwar nan yake bi?

Shekarun baya-bayan nan sun isa darasi. A watan Satumban 2020 tsayin ruwan kogin Isa a Yamai ya kai santimita 700, alhali ana shiga matakin gargaɗi mafi tsanani tun daga 620. Madatsar da ke kare hannun dama na kogin ta ɓalle, ruwa ya shiga Lamorde, Karaje, Zarmagandai da Kirkisoy, ya taɓa Saga da Gamkalle a ɗaya hannun. A daminar 2024 kuwa ambaliya ta kashe mutum sama da 300 a faɗin ƙasa, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, kuma jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A Damagaram tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa da ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rushe. Sai da gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, domin azuzuwa da yawa sun zama mafakar waɗanda gidajensu suka faɗi. Ɓarawo yakan ɗauki waya ko babur ya tafi. Ruwa yakan haɗa da katifa, takardun karatu, jarin sana'a, wani lokaci har da rai, duk a dare guda.

Dalilin da ya sa haɗarin ya fi faɗa wa mai haya a fili yake. Haya na da araha a inda fili ke da araha, fili kuwa ya fi araha a bakin kogi, cikin kwari, gefen tafki ko kan tsohuwar hanyar ƙorama da aka cike da shara aka yi gini. A Yamai kwarin Gunti Yena ya ratsa tsakiyar gari, gidaje sun matse shi. A Maraɗi tarihi kansa shaida ne: ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa aka tayar da gari daga kwari aka maida shi tudu, amma yau matsin jama'a na sake tura mutane gangare. Mai gida ya san halin filinsa, dillali ma ya sani. Baƙon da ya zo neman ɗaki a watan Nuwamba, lokacin da ƙasa ta bushe ƙarau aka shafa wa bango sabon fenti, shi kaɗai ne bai sani ba.

Gano gaskiya ba ya buƙatar injiniya. Ruwa yakan bar alama: layin danshi a gindin katanga, siminti da ya kumbura yana zuba, buhunan yashi a ƙofar gidaje, dokin ƙofa da aka ɗaga ya kai gwiwa. Gidan da tsakar gidansa ta fi titi ƙasa, kwano ne mai jiran cika. A duba ko layin na da magudanar ruwa, a kuma leƙa a ga ko leda da yashi sun toshe ta. Ginin ƙasa ba aibu ba ne, ya ma fi sanyi a watan Afrilu, amma sai a duba tushensa da indararo da rufinsa. Sannan a bar dillali a gefe a zauna da mai shayi, mai kanti ko tsohuwar da ta daɗe a layin, a tambaye su yadda unguwar ta kwana a Agustan 2024. Su ba su da la'ada a cinikin.

Bayan ruwan sama, sai lissafin da ake kira araha. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne tun daga Janairun 2024, kuma matasa da yawa da ke aikin hannu ko ƙaramin kasuwanci ba su da ma tabbacin hakan. Mai irin wannan samu dole ya ƙirga kowace dala. A ɗauki misali: ɗaki na jika 20 a bayan gari, da wani na jika 35 kusa da wurin aiki. Idan na bayan gari zai sa mutum ya kashe dala ɗari a zuwa, dala ɗari a dawowa, a kwanaki 26 na aiki kuɗin mota kaɗai ya kai jika 26. Ɗakin jika 20 ya koma na jika 46 ke nan, ban da lokacin da ake ɓatawa a jiran taksi, faba-faba ko adaidaita. Ɗalibin da ke karatu a Harobanda ya kama ɗaki a Niamey 2000 ko Koira Tegi, zai ratsa gari ya tsallake gada sau biyu kullum. Araha ba ta ado.

Haka batun ruwan sha da wuta. Gidan da ba shi da famfo, ko famfon ba ya zuwa sai tsakar dare, yana nufin sayen ruwa wajen ƴan garuwa, wanda ya fi na kamfani tsada nesa ba kusa ba. A Damagaram, inda gari ke bisa dutse kuma ake janyo ruwa daga nesa kamar Gogo-Macaya da Arunguza, wannan tambaya ta kamata ta zo kafin ta kuɗin haya, musamman ga wanda zai yi bazara a gidan. A gidan haya na taro kuma, inda ɗakuna shida ko takwas ke kan kwantar NIGELEC guda, a san yadda ake raba kuɗin wuta tun kafin a shiga, a kuma nemi ganin takardar biya ta ƙarshe. Da yawa sun gaji bashin wanda ya tashi.

Tsaro kuwa ba a auna shi da sunan unguwa. Akwai unguwannin da aka yi wa baƙin suna shekaru da dama, alhali a cikinsu akwai layukan da maƙwabta suka san juna, yaro ba ya ɓata, baƙo ba ya wucewa ba a tambaye shi ba. Akwai kuma sababbin unguwanni masu dogayen katangu da kangwaye, inda za a yi wa mutum ƙwace da magariba babu mai leƙowa. Abin dubawa shi ne layin kansa: akwai haske da dare? Akwai masallaci, kanti ko fada da ke raye har bayan isha'i? Mace za ta iya dawowa daga aiki ita kaɗai? Ina ofishin ƴan sanda da gidan likita mafi kusa, kuma mota na iya shiga layin a damina idan naƙuda ta tashi? Wanda ya ga gida da rana kawai, rabin gidan ya gani.

Ƴan ci-rani su ne suka fi shiga tarko, domin da bidiyon WhatsApp ake nuna musu gida. Bidiyo na nuna tayil da fanka, ba ya nuna tafkin da ke bayan katanga. Zuwa da kai ya fi aike, amma wanda ba zai iya zuwa ba ya wakilta ɗan'uwan da ba shi da kaso a la'ada, kuma matar da za ta zauna a gidan ta gan shi da idonta kafin a tura ko dala. Kuɗin watannin gaba da na ajiya su shiga hannun mai gida kansa, da rubutacciyar yarjejeniya da shaidu, da takardar shaidar biya kowane wata. Nijar na da dokar haya tun 1996, amma doka ba ta iya kare cinikin da aka ƙulla da baki a bakin titi.

Nauyin bai tsaya kan mai haya kaɗai ba. Ma'aikatun magajin gari sun san wuraren da ruwa ke ci duk shekara, domin su ke ƙirga waɗanda abin ya shafa su raba musu agaji. Ya kamata a fitar da taswirar waɗannan wurare, a liƙa ta a kowace ƙaramar hukuma da ƙofar masu unguwanni, a karanta ta a gidajen rediyo da Hausa da Zabarmanci. Ya kamata a daina yanka filaye a kan hanyar ruwa, a yashe magudanai tun watan Mayu, a kuma yi wa dillalan gidaje rajista domin wanda aka cuta ya san inda zai kai ƙara. Mai gidan da ya ɓoye wa ɗan haya cewa gidansa na cika da ruwa, ya kamata ya amsa tambaya a gaban hukuma.

Kafin a kai ga haka, kariyar matashi ita ce ƙafarsa da bakinsa. Ya je unguwar da rana, ya koma da dare, ya tambayi maƙwabta labarin damina, ya haɗa kuɗin haya da na mota da na ruwa a takarda guda. Idan dillali ya ce wani na nan tafe da kuɗi a hannu, a bar masa. Rasa ɗaki a watan Nuwamba ya fi sauƙi a kan kwana a ajin makaranta a watan Agusta.