Wa Ya Ce Littafinki Ne Ke Yawo A Wayoyi?



A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Jibiya. Mai karatu a Kusa bai rasa hanya ba, domin Xender ba ta buƙatar data: littafi ko manhajar labarai daga wannan waya sai waccan. To wa ke tabbatar da cewa abin da ke yawo da sunanmu shi muka rubuta?

Mun san abin da ake yi. A cire babi, a cusa batsa, a goge sunan marubuciya. Da mun koka sai manyanmu su ce mu kai littafin amintaccen dandali. OkadaBooks ma amintacce ne, amma a ƙarshen Nuwamba 2023 ya rufe.

Direban da ya ɗauko kaya daga Maraɗi, a boda ba rantsuwarsa ake karɓa ba, takarda ake gwadawa da kayan. Fayil ma yana da tasa takardar. Lissafin SHA-256 kan ɗauki fayil, littafi ne ko manhaja, ya fitar da baƙaƙe da lambobi 64, tamkar zanen yatsa. Ka mayar da "ƙafa" ta koma "kafa" a wuri ɗaya tak, gaba ɗaya zanen ya sauya. A kan wannan aka gina tsarin IPFS da ya fito a 2015: adireshin fayil daga jikin fayil ɗin ake ciro shi, don haka ko wa ya turo maka, kana iya aunawa. Sharaɗin shi ne wayarka ce za ta auna da kanta. In ka bar wa wani shafi ya auna maka, ka koma gidan jiya.

Masu cewa wannan aikin 'yan kwamfuta ne, lalaci suke karewa. Manhajojin wannan lissafi kyauta ne, aikin bai kai minti ɗaya ba.

Ba ya hana sata, gaskiya ne, ɓarawo zai kwafa abinsa. Amma ranar da aka jingina wa 'yar uwarmu shafin batsar da ba ta rubuta ba, ta tsaya gaban mijinta ko hukumar tace finafinai da ɗab'i ta Kano, rantsuwa kaɗai za ta yi? In ta wallafa lambobin nan 64 a shafinta tun ranar fitar littafin, ga kwanan wata, ga asalin fayil, kowa ya gwada.

Muna roƙon shugabannin zauren nan su ware wuri guda, duk mai sabon littafi ya ajiye lambobinsa kafin ya saki fayil.