Daji ma aji ne

A Hawandawaki, cikin ƙasar Tasawa, yaro yana iya zana icce a allo, ya rubuta sunansa da faransanci. Amma in an kai shi bayan gari, wani sai ya kasa rarrabe sabara da geza. Wannan ba daidai ba ne. Ya kamata malami ya riƙa fita da yara daji, su koyi itatuwa a inda suke tsaye.

Wasu iyaye suna cewa wannan ɓata lokaci ne. Sun ce sun kai yaro lakwal don ya iya takarda, ba don yawon daji ba. Gaskiya ne, takarda tana da amfani. Amma gani ya kori ji. Kowane icce yana da dabarar da yake rayuwa da ita a ƙasa mai ƙarancin ruwa, kuma sai an je wurinsa ake gane ta.

Ga kuka. Tana ajiye ruwa a cikin jikinta mai kauri. Da rani sai ta zubar da ganye don kada ruwan ya ƙare. Ga aduwa. Ganyenta ƙanana ne masu kauri, rana ba ta shanye su da sauri. Ƙayarta kuma tana tsare ta daga bakin dabbobi.

Gawo ya fi su ban mamaki. Da damana, sa'ad da sauran itatuwa suke kore, shi zubar da ganye yake yi. Da rani sai ya yi kore shar, don saiwarsa tana nitsewa ƙasa ƙwarai har ta iske ruwa. Saboda haka inuwarsa ba ta hana hatsi girma, ganyen da ya zubar yana zama taki, ƴaƴansa kuma abincin tumaki da awaki ne.

A Gulbin Kaba, wajen Mayahi, ruwa yana kusa da sama, shi ya sa goriba take son wurin. Kabar da ake saƙa tabarma da igiya da ita, ƙaramar goriba ce. In ana yanke ta kullum ba hutu, ba za ta taɓa tashi ta zama goriba ba. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba zai manta ba.

Itatuwan daji suna taimakon juna, suna taimakon ƙasa. Kalgo da sabara suna tare iska, suna riƙe rairayi da ganyen da iska ta kwaso. Gara tana cin ganyen, ta huda ƙasa, ruwan sama ya shiga. In an sare su duka, iska ta share gona, ta binne shuka.

Mutanen Maradi sun ga haka. Bayan farin 1973 da na 1984, gonaki da yawa sun zama fili fetal. A shekarar 1983, wani mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura da cewa kututturan da ke cikin gonaki ba su mutu ba. Saiwarsu tana da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka fara barin tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a kan kowane kututture, suna gyara su. Wannan shi ne sassaben zamani. Da wannan dabara itatuwa kusan miliyan 200 suka tashi a Nijar, a kan hekta kusan miliyan 5.

Ran 3 ga watan Agusta, ranar samun ƴancin kai, ana dasa itatuwa a ko'ina cikin Nijar. Abu ne mai kyau. Amma rana ɗaya ba ta isa ba. Yaran da ke aji yau, su za su riƙe gatari gobe. Wanda ya san aikin gawo zai yi tunani kafin ya ɗaga hannu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi
1. Don me gawo yake kore da rani?
2. Mene ne sassaben zamani?
3. Waɗanne itatuwa ne ke cikin gonarku?