Kada Ciwon Sukari Ya Raba Mutanenmu Da Ganinsu

Galibin masu fama da ciwon sukari a Maiduguri sun san zancen ƙishirwa da yawan fitsari da gyambon da ba ya jin magani. Amma ba kowa aka gaya wa cewa ciwon nan yana makantar da mutum ba, kuma ba ya sallama kafin ya shiga ido.

A can ƙuryar ido akwai wata siririyar fata wadda ita ke ɗaukar hoton abin da mutum ya kalla, cike take da ƙananan hanyoyin jini. Idan sukari ya daɗe da yawa a cikin jini, sai hanyoyin nan su yi rauni, su riƙa yoyo ko kuwa su toshe. Ana iya shekaru a haka babu zafi babu ƙaiƙayi. Ran da mutum ya fara ganin hazo-hazo, sau da yawa ɓarna ta riga ta yi nisa. Bayan wannan kuma, ciwon yana gaggauta yanar ido.

Binciken da aka yi a duk faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa cikin mutanen da suka kai shekara 40 zuwa sama, wajen 4 cikin 100 makafi ne. A Arewa maso Gabas kuwa abin ya kai 6 cikin 100, watau ya fi na ko'ina. Yankin da ke ɗauke da wannan kaya bai kamata a ƙara masa makantar da ake iya hanawa ba.

Saboda haka muna tunatar da mai ciwon sukari cewa likitan farko shi ne shi kansa. Da zarar an tabbatar wa babban mutum yana da ciwon, to ya je a ɗiga masa magani a duba can cikin idon, sa'an nan ya riƙa komawa kowace shekara ko da yana gani garau. Ya sha maganinsa kan ƙa'ida, ya rage zaƙi, ya motsa jiki, ya kula da hawan jini. Mai juna biyu ta je da wuri. Kada kowa ya miƙa idonsa ga masu yawon kwantar da yana, ko ya ɗauka sayen tabarau a Kasuwar Monday ya wadatar. Idan an gano ɓarnar da wuri, akwai allura da aikin haske waɗanda ke tsayar da ita.

Hukuma kuma tana da nata nauyin. Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Borno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri su haɗa kai, yadda duk wanda ya zo karɓar maganin sukari ba zai tafi ba sai an sa masa ranar duba ido. Tun da yake ba kowa ke karanta takarda ba, musamman waɗanda rikici ya koro daga ƙauyuka, ya kamata gidajen rediyo su riƙa bayani da Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa. Limamai da bulamomi su ma su sa baki. Kada a jira sai 14 ga Nuwamba, ranar ciwon sukari ta duniya.

Magidanci ɗaya in ya makance, gida guda ne ya shiga wahala. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya sa masu kunne su ji.